Gida, Kano, Kaduna ko Jos: ina ya fi a kai yara yawon gidan tarihi?

Duk ƙarshen zango da an gama jarabawa magana ɗaya ce ke tashi a makarantun garin nan na Katsina, ina za a kai yara eskoshon. Hedimasta na son wurin da za a samo hotuna masu kyau na kalanda, iyaye na lissafin kuɗin mota, malamin kimiyya na cewa a je inda za a ga injina, malamin tarihi kuma ya ce haba ai komai na nan gida. Kuma ba makarantu kaɗai ba, magidanta da yawa yanzu suna son su ɗebi iyali lokacin hutu a je a ga wani abu maimakon zaman kallon waya daga safe har dare. To ga yadda nake auna wuraren da mutumin Katsina ko Daura zai iya kaiwa da mota, da wanda ya dace da wa.

Tun farko a cire rai da abu guda. Irin gidan kimiyyar nan da yara ke gani a bidiyo, ka danna maɓalli duniya ta juya, ka taɓa ƙwallo gashinka ya miƙe, ba shi ne a gabanmu ba. Gidajen tarihi gare mu, kimiyyar tana cikinsu amma sai an tono ta, tana cikin narka tama da rini da ginin tubali da haƙar kuza. Saboda haka duk inda zan ambata ina duba abu biyu ne, tarihin da yaro zai ji da kuma abin da zai gani da ido ya tambaya yaya aka yi haka.

Na gida tukuna. Gidan tarihin Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma a nan su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa da muka sani. Gaskiya kayan da ke ciki ba su kai na Kano ko Jos yawa ba, ginin shi ne babban abin kallo, ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ka shigo daga rana mai zafi ka ji ɗakin da sanyi ba fanka ba komai, to nan malamin kimiyya ya samu darasi kyauta idan ya iya, me ya sa ƙasa ke riƙe sanyi bulo da kwano ba sa riƙewa. Daga nan sai Gobarau, hasumiyar da tsayinta ya kai wajen mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, kuma har yau tsofaffi na ba da labarin gardamar alƙibla da aka yi da Malam Jodoma lokacin ginin masallacin. Yara na son Gobarau saboda hawa, amma don Allah idan an ba da izini a hau kaɗan-kaɗan, matakalar ba ta ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya. A ƙara da zagayen ƙofofi, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, da Ƙofar 'Yanɗaka da Turawa suka shigo ta nan a 1903, kafin la'asar an gama kowa ya koma gidansu, ba kuɗin kwana ba fargabar hanya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, kilomita talatin da 'yan kai daga birni, mutane ƙalilan ne ke tunanin kai yara can. Kusheyin sarakunan farko ne, an tona a 1907 an sake tonawa a 1992, aka samu kayan tagulla da hauren giwa da zinariya, har da kwanon da ya nuna tun wancan zamanin ana ciniki da ƙasashen Larabawa ta hamada, an kai kayan Jamus an gyara aka dawo da su. Amma fa a sani, a wurin tuddai ne da fili, idan ba a tafi da wanda ya san labarin ba yara za su ce an kawo su kallon gona.

Daura kuma, kilomita tamanin ne ko kusa da haka ta Mashi, a je a dawo rana ɗaya cikin kwanciyar hankali. Rijiyar Kusugu ita ce komai a nan, kuma ban ga wurin da ke kama ƙananan yara kamar ta ba, don labarin Bayajidda da maciji da Daurama sun riga sun ji shi a aji, cewa ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har baƙo ya zo ya sare kan macijin. Sai ga su tsaye a bakin rijiyar da kanta cikin ɗakinta, ana riƙe musu riga ta baya suna leƙawa, a zura guga a jawo, a miƙa musu su sha, wani ya ce a cika masa gora zai kai wa kakarsa, wani kuma ya ƙi sha wai macijin na ciki. Idan an dace da lokacin Sallar Gani an samu riba biyu, ga hawa ga fada. Sai dai Daura tarihi ne zalla, ɓangaren kimiyya ba yawa, sai in malami zai tsaya ya yi bayanin yadda ruwa ke zama a ƙarƙashin ƙasa.

Raunin zaɓin gida ɗaya ne, yara ba sa jin sun yi tafiya. Ɗan sakandare da ke wuce Gobarau kullum a kan mashin idan ka ce masa nan ne eskoshon sai ya ga an cuce shi, kuma wannan jin yana da tasiri, wanda ya shiga wuri da fushi ba ya sauraron bayani.

Kano ita ce tsakiya, kuma ni a ganina ita ta fi biyan kuɗinta. Daga Katsina wajen kilomita 170 ta Charanchi da Kankiya da Bichi, daga Daura ma ya fi kusa ta Kazaure da Dambatta, a tashi bayan asuba a dawo kafin magariba. Gidan Makama yana nan daf da fadar sarki, an gina shi tun ƙarni na 15 don Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta, shi ne ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya fi namu da shi tsari ne, ɗaki-ɗaki ake bi, daga ganuwa da ƙofofi zuwa jihadi zuwa zuwan Turawa a 1903 zuwa sana'o'i da kayan kiɗa da kayan hawa, yaro na tafe labarin na tafe. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari masu nauyin gaske, kuma a ce wa yara su ɗaga kai su kalli rufi, don yadda aka lanƙwaso azara aka yi bakan gizo ya ɗauki nauyin soro ba rodi ba siminti lissafi ne ba wasa ba, magina ne kawai ba su rubuta shi a allo ba.

Amma abin da ya sa Kano ta yi gaba a wajena ba a cikin gidan tarihin yake ba, marinar Ƙofar Mata ce, wadda ake cewa tun 1498 take aiki. Ramuka ne masu zurfi a jere, a zuba ruwa da toka da baba a bari ya yi makonni yana ruɓa har ya nuna, kumfa ta taso a kai, wari kuma kam sai haƙuri. Marini na zaune a bakin rami ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, kuma ga abin da nake so kowane malamin kemistiri ya tsayar da ɗalibansa su gani, ƙyallen ba shuɗi yake fitowa ba, da ɗan kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi a gaban idonka ya rikiɗa ya koma shuɗi, a sake tsomawa a sake ɗagowa launin na ƙara duhu. Iskar da muke shaƙa ce ke haɗuwa da sinadarin babar ta kama zaren, abin da aka yi zango guda ana rubutawa a allo yara na hamma ga shi nan cikin minti biyu. Daga gefe kuma ga masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Idan da sauran lokaci a leƙa Gidan Dan Hausa, inda Bature Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Dan Hausa, ya zauna ya fara makarantar boko a 1909, ko a hau Dala a ga gari. Kasuwar Kurmi dai ban ba da shawarar shiga da yara arba'in ba, lungunan sun yi yawa, za a ƙare da ƙirga kawuna ne maimakon kallo. Matsalar Kano cunkoso ne da Adaidaita, duk wanda ya tsara wuri biyar a rana ɗaya uku zai gani.

Kaduna daban ce, kuma nan mutane ke kuskuren zaɓi. Tafiya ce mai nisa ta Funtuwa da Zariya, dole a kwana, kuma hanya ce da sai an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin a sa rana. Akwai gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, tsohon ofishin jam'iyyar NPC ne aka mayar gidan tarihi a 1975, yana da kayan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, da na sassan ƙasar nan da masu sana'ar hannu a harabar. Sai Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Sardauna inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, yanzu cibiyar bincike ce ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, cike da takardu da hotuna da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ga ɗan jami'a mai rubuta furojet kan siyasar Arewa ko ɗalibin aji shida na sakandare mai son gwamnati da tarihi, babu kamar nan, zai iya wuni bai gaji ba. Ga ɗan firamare kuwa hotunan dattawa ne da rawuna a jikin bango, minti ashirin ya fara tambayar yaushe za a ci abinci. Kada a kai ƙanana Kaduna don tarihi, asarar mai ce.

Jos ita ce amsar malamin kimiyya, idan aljihu zai ɗauka. Nisa kam akwai shi, sai an bi ta Kano a ratsa dajin Falgore a fita Saminaka, sama da kilomita ɗari huɗu, kwana biyu ne mafi ƙaranci kuma uku ya fi, ga sanyin da yaran Katsina ba su saba da irinsa ba ko da damina, a sa kowa ya ɗauki rigar sanyi. Amma abin da ke wurin ya tara abin da sauran suka rarraba. Gidan tarihin an buɗe shi a 1952, Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ne ya kafa shi, kuma asalinsa ma daga haƙar kuza ne, don masu haƙa ne suka fara cin karo da kawunan Nok a 1928 a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna ta yanzu. Kawunan yumɓu ne da aka gasa, wasu sun haura shekara dubu biyu, idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, kitso iri-iri a kansu kamar jiya aka yi. Hudar nan ta ido da hanci da baki ba ado kaɗai ba ce, tana barin zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe, duk mai ginin tukwane ta san wannan. Mutanen nan kuma suna narka tama tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, an samu murhunansu a Taruga da ke yankin Abuja. Sai zauren tukwane da aka tara daga ko'ina a Najeriya, randuna da tuluna da irin waɗanda ba mu da sunansu ma, sai ɓangaren haƙar kuza, sai tsofaffin motoci da kan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957 don jigilar kuzar, ga gidan namun daji a maƙwabta idan ƙananan sun gaji da karatu.

Sannan akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina manyan gine-ginen ƙasar nan da girmansu na gaske, ganuwar Kano, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har da ɓangaren fadar Katsina. Abin dariya ne ka yi tafiyar wuni guda ka je ka tarar da gidan sarkinku, amma a nan ne yaro zai ga ginin Bahaushe kusa da na sauran ƙabilu ya gane ashe kowa da dabararsa ta maganin ruwan sama da zafi. Ginin ƙasa dai yana son yaɓe duk shekara, a ko'ina yake, saboda haka kar a yi mamaki in an tarar da wani sashe damina ta taɓa shi.

Wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, wasu iyaye ba sa sakin jiki da batun mutum-mutumi. Gara a gaya musu tun kafin a karɓi kuɗinsu cewa a Jos da Kaduna akwai su, kallo ne na ilimi a san yadda mutanen da suka rayu, wanda bai gamsu ba ya bar ɗansa a tafiyar Kano ko Daura, ya fi a dawo ana cacar baki a taron iyaye da malamai.

Nijar fa? Mu da muke bakin iyaka bai kamata mu manta da ita ba. Daga Daura ta Kongolam da Matamaye ka shiga Damagaram, ga fadar sarki ga unguwar Birni da duwatsunta da gidaje masu zane a fuska, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926, kuma Hausa za ka yi ta yi ba mai tambayarka Faransanci. Wannan tarihi ne irin na Daura. Amma in ƙashin dainoso ake so a gani da ido to sai Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe a 1959, a nan akwai ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin da aka tono a hamadar Nijar wajen Gadoufaoua, har da wani kada da tsawonsa ya kai na babbar bas, masana na cewa sun rayu sama da shekara miliyan ɗari da suka wuce lokacin da hamadar take koguna da dausayi. Akwai kuma gangar bishiyar Tenere, wadda take ita kaɗai a tsakiyar rairayi har wata mota ta buge ta a 1973, da ɓangaren yuraniyom, da namun daji. Ta fuskar kimiyyar halittu ya fi duk wanda na lissafa. Sai dai daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita ɗari shida, ga canjin sefa da ke cinye naira, ga takardu, kuma tun juyin mulkin 2023 harkar iyaka ba ta zama kamar da ba. Wannan tafiyar magidanci ce mai 'yan uwa a can, ba ta makaranta ba, ni ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in tsallaka da su ba.

To in an ce in yanke. 'Yan firamare, Daura da Gobarau, shi ke nan, kada a wahalar da su. Ƙaramar sakandare, Kano, Gidan Makama da safe marina da hantsi. Babbar sakandare ajin kimiyya, Jos, ko da za a haɗa kuɗin zango biyu a yi ta sau ɗaya, kuma in kuɗin bai kai ba a koma Kano ba a yi asara ba. Masu shirin jami'a ɓangaren tarihi da siyasa, Kaduna. Magidanci mai mota ɗaya da yara masu shekaru daban-daban, Kano ce za ta ɗauke kowa, uwargida ma ta samu yadin da za ta saya. Kuma duk wanda zai je Jos ko Kano, ya fara kai yaran nan tsohuwar kwaleji ko da da yamma ne ranar Asabar, don wanda ya san soron gidansu shi ke gane bambancin na wasu idan ya gani.

Kuɗin shiga ba shi ne abin tsoro ba, a duk wuraren nan bai taka kara ya karya ba, mai da hayar bas da abinci da wurin kwana su ne ke cin kuɗin, shi ya sa ratar da ke tsakanin Kano da Jos a lissafi take da faɗi sosai. Gidajen Katsina da Makama da Kaduna da Jos duk ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suke, a rubuta musu takarda ko a aika mutum mako biyu kafin ranar, a nemi a ware mai zagayawa da yara wanda zai yi bayani da Hausa, don rubutun jikin gilashi yawanci Turanci ne kuma yara ba sa karantawa. A tambaya kuma ko akwai wuta. Na taɓa shiga wani gidan tarihi aka ɗauke wuta, janareta ba mai, bawan Allah mai zagayawa da mu ya kunna fitilar wayarsa yana haska takobi ɗaya bayan ɗaya, mu na gaba muna gani na baya suna ture-ture, tun daga nan nake cewa a shiga da safe lokacin da haske ke shigowa ta taga, kuma a raba yara goma-goma kowane rukuni da malaminsa.

Lokaci kuwa hunturu ya fi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ba ruwa ba zafin Afrilu da ke sa yara suma a bas. A kauce wa Juma'a in ana son fada ko cikin birnin Kano, a tafi da ruwan leda da yawa da lambar wayar kowane uba a takarda ba a waya kaɗai ba, kuma kowace hanya aka zaɓa direba ya san sharaɗi tun a tasha, ƙarfe huɗu na yamma ta yi mota na kan hanyar gida ko an gama kallo ko ba a gama ba.